Hula da Rigar Sanyin Jariri da Kibiya Biyu: Jagora ga Mai Son Fara Saƙa a Jos

Duk wadda ta taɓa yin jego a Jos tsakanin Disamba da Janairu ba ta buƙatar a yi mata bayanin amfanin hular sanyi. Garin nan a kan tudu yake, kimanin mita 1,200 sama da matakin teku, shi ya sa hunturunmu ya bambanta da na garuruwan da ke kewaye da mu. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 10, ga iska mai bushewa, ga ƙura. Ko a damina ma, Agusta na da nasa sanyin mai ratsa ƙashi. Jariri kuwa kansa babba ne idan aka gwada da sauran jikinsa, kuma bai da ƙarfin riƙe ɗumi irin na babba, saboda haka zafin jikinsa yakan zube da sauri idan aka bar kan a buɗe.

Kayan sanyi suna nan jibge a kasuwa, na gwanjo da na inji. Amma abin da nake so ki iya shi ne ki saƙa da hannunki wanda zai zauna daidai jikin yaron, ba wanda zai sauko ya rufe masa ido ko ya shaƙe masa wuya ba. Sirrin wannan a awo yake. Hannu zai saba da kibiya cikin 'yan makonni, amma mai saƙar da ba ta awo ko ta shekara goma tana yi, sa'a ce kawai ke fitar mata da kaya daidai. Idan haihuwar ta hunturu ce, ki fara tun watan Satumba, domin mai koyo ba ta son gaggawa.

Zare

Zare iri uku za ki tarar. Akwai akirilik, wanda shi ne ya cika shagunan kayan ɗinki na kewayen Terminus. Yana da araha, yana jure wanki, kuma asu ba ya cin sa. Akwai ulu na gashin tumaki, wanda ya fi kowanne ɗumi amma yana son lallaɓawa wajen wanki, wani kuma yana da kaushi. Sai auduga, mai laushi a fata amma ba ta riƙe ɗumi sosai, ta fi dacewa da 'yar shara ta ciki. Ga jariri da uwar da ke wanki kullum, na fi ba da shawarar akirilik mai laushi. Ki goga dunƙulen a wuyanki ko a cikin hannunki kafin ki biya. Idan ya yi miki ƙaiƙayi, to ga fatar jariri abin ya fi haka.

Lissafin da zan bayar na zare ne mai matsakaicin kauri, wanda a takardarsa ake rubuta DK. Idan babu takarda, ki naɗa zaren a jikin fensir ba tare da kin ja shi ba, naɗi kusa da naɗi. In naɗi 11 ko 12 ya cika santimita biyu da rabi, shi ne. Da yawa daga ƙananan dunƙulen kasuwa sun fi haka sirantaka, sai ki riɓa biyu ki saƙa su tare. Hula za ta ci kamar giram 30, riga kuma giram 100 zuwa 120. Ki sayi giram 200 lokaci guda daga kwali ɗaya, saboda rinin yau da na wata mai zuwa ba sa zama ɗaya, kuma bambancin sai an gama riga yake fitowa fili.

Akwai wata hanyar da na fi ƙauna, ita ce warware rigar sanyi ta gwanjo. A kasuwar Katako ana samun manyan rigunan sanyi da zarensu ya fi na shago kyau nesa ba kusa ba, kuma riga ɗaya ta babban mutum za ta ba ki zaren da zai ishi hula da riga da safa har a yi saura. Sai dai ba kowace riga ke warwaruwa ba. Ki ce wa mai kaya, "Malam, bari in duba ɗinkin ciki," ki juya rigar ki kalli gefenta. Idan kin ga gefuna biyu lafiyayyu an haɗa su da wani ɗinki mai kama da sarƙa, wannan ita ce taki, domin kowane ɓangare an saƙa shi ne da zare ɗaya mai tsawo. Idan kuwa kin ga an yanke gefen an bi shi da keken da ke kama bakin yadi, ki ajiye ta, gutsattsarin zare kawai za ki samu, kowane layi da nasa. Haka rigar ulun da ta cure har ba a ganin idanun saƙarta, ita ma ba ta warwaruwa.

A gida ki fara cire ɗinkin da ya haɗa hannuwa da jiki da wuya, a hankali, da bakin ƙaramin almakashi. Yawanci saƙa daga sama take warwaruwa, wato daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ki nemo bakin zaren ki riƙa ja kina naɗawa a bayan kujera. Idan naɗin ya yi kauri ki ɗaure shi wuri huɗu da wani zare daban don kada ya harɗe, ki cire, ki jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi na rabin awa. Kada ki cuɗa, kada ki murɗe. Ki matse ruwan cikin tawul, ki rataye a inuwa, ki saƙala wani abu marar nauyi sosai a ƙasa don lanƙwasar ta miƙe. Bayan ya bushe sai ki dunƙule shi sako-sako.

Don ki san irin zaren da kika samo, ki yanko ɗan guntu ki kai shi bakin ashana a waje, a kan faranti. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai murmushewa. Auduga tana warin takarda. Akirilik kuwa narkewa yake yi kamar leda, ya bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri. Ki riƙe wannan narkewar a ranki, za mu dawo kanta.

Kibiya da sauran kaya

Kina buƙatar kibiya mai kaurin milimita 4 guda biyu, da mai milimita 3.25 guda biyu. Tsofaffin kibiyoyin da ake gada wurin iyaye suna ɗauke da lambar Ingila ta da, inda lamba 8 ita ce milimita 4, lamba 10 kuma 3.25, a wannan lissafin, lamba na hawa kibiya na sirancewa. Sai kwarashi ɗaya, babbar allura marar tsini mai faɗin kafa, tef na awo irin na tela, almakashi, maɓallai biyar, da ɗan littafin rubutu.

Wurin zama

Saƙa aikin ido ne da baya, saboda haka ki ware mata kusurwa. Ki zaɓi gefen taga, hasken ya riƙa zuwa ta kafaɗarki. Idan bangon wurin ya yi duhu, ƙaramin galan na farin fenti zai ƙara miki haske fiye da yadda kike zato. Kafin hunturu ya kama, ki sa a toshe ramukan gefen taga da siminti ko a canza gilashin da ya fashe, don ta nan ƙura da sanyi ke shigowa. Falanki ɗaya daga 'yan katako, kafinta ya kafa miki shi a bango sama da inda hannun yara ke kaiwa, ya isa ya ɗauki zare da kibiyoyi. Wannan ba don tsari kaɗai ba ne: kibiya a hannun ɗan shekara biyu haɗari ce. Kujera mai jingina ta fi tabarma idan za a daɗe. Da dare fitilar sola mai farin haske ta wadatar, amma ki bar baƙin zare da shuɗi mai duhu sai da rana.

Aikin da ke hannu ki riƙa ajiye shi cikin bokiti mai murfi, in ba haka ba farin zare zai koma ja kafin ki gama. Kaushin hunturu kuma yana kama zare yana tsittsinke shi. Ki shafa man kaɗe da dare kafin barci, ba dab da za ki ɗauki saƙa ba, saboda maiƙo na jawo datti.

Koyon hannu

Kowane madaukin zare da ke kan kibiya shi ne ido, jerinsu daga wannan gefe zuwa wancan kuma layi. Ki fara da ƙullin zarge, ki sa shi a kibiyar hagu. Shi ne ido na farko.

Saƙar gaba ita ce tushe. Zare yana bayan aiki. Ki soka kibiyar dama cikin idon daga gaba ta fita baya, ki naɗa zaren a bakinta sau ɗaya, ki jawo naɗin ta cikin idon zuwa gabanki, sannan ki zame tsohon idon daga kibiyar hagu. Don ɗora idanu a farkon aiki, haka za ki yi, sai dai maimakon ki zame tsohon, sabon da kika jawo za ki mayar kan kibiyar hagu. Ido ɗaya ya zama biyu. Ki ci gaba har adadin ya cika, kuma kada ki ɗaure su tamau, su riƙa zamewa a kan kibiya ba da kokawa ba.

Saƙar baya kishiyarta ce. Ki kawo zaren gabanki, ki soka kibiyar dama ta gaban idon daga dama zuwa hagu, ki naɗa, ki tura naɗin ya fita ta baya, ki zame tsohon.

Daga waɗannan biyun komai ke fitowa. In kowane layi gaba kika yi, za ki sami saƙa mai kunya-kunya wadda ba ta naɗewa. In kika yi layi ɗaya gaba layi ɗaya baya, za ki sami saƙa mai santsi, fuskarta cike da siffar harafin V, ita ce jikin yawancin riguna. In kuma cikin layi guda kika riƙa yin ido ɗaya gaba ido ɗaya baya, wannan ita ce ɗaya-ɗaya, mai miƙewa ta koma, wadda ake sa wa a bakin hula da hannun riga. A nan sababbi ke yawan tuntuɓe: duk lokacin da za ki sauya daga gaba zuwa baya, zaren ya bi ta tsakanin kibiyoyin biyu, kada ya haura ta sama, in ba haka ba ido zai ƙaru kuma rami ya fito.

Ragewa ita ce ki soka ido biyu lokaci guda ki saƙa su a matsayin ɗaya. Ƙari kuma ki saƙa ido ɗaya ta gabansa, kafin ki zame shi ki sake saƙa shi ta bayansa. Rufewa: ki saƙa biyu, ki ɗaga na farko ki tsallakar da shi kan na biyu ya faɗi, ki saƙa wani, ki sake tsallakarwa, har ƙarshe.

Idan akwai wata Inna ko Hajiya a unguwarku da ta iya, ki je ki gaishe ta ki zauna kusa da ita da kibiyarki. Abin da rubutu zai ɗauki shafi yana bayani, hannunta zai nuna miki cikin minti biyar, kuma galibinsu suna jin daɗin a tambaye su.

Gwaji

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Mata biyu za su ɗauki zare ɗaya da kibiya ɗaya, ta farko hannunta na ɗaurewa, ta biyu na sakewa, su fito da huluna biyu da ba su yi kama da juna a girma ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ki ɗora ido 30 a kibiya mai milimita 4, ki yi saƙa mai santsi har tsawon santimita 12, ki rufe. Ki wanke ɗan ƙyallen yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa ya bushe. Sannan ki ɗora tef a tsakiyarsa, ba a gefe ba, ki ƙirga ido nawa ne cikin santimita 10. Abin da ake nema 22 ne. Dubi abin da bambancin ido biyu kacal ke yi: ido 72 a hannun da ke ba da 22 zai fito da hula mai kewayen kusan santimita 33. A hannun da ke ba da 20, hular ta zama 36, ta zamo wa jariri har hanci. A mai ba da 24 kuma ta zama 30, ta matse shi ta bar masa shaida a goshi.

Idan kin sami ƙasa da 22, ki koma kibiya mafi sirantaka. Idan kin haura, ki ɗauki mai kauri. In kuma babu wata kibiyar, lissafin za ki gyara: ki raba abin da kika samu da 10, ki ninka da faɗin da kike so. Ki rubuta sakamakon a littafinki tare da guntun zaren, don gaba.

Hula

Kewayen kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 34 zuwa 35. Ana yin hula ta gaza kai da kaɗan domin saƙa na miƙewa.

Ki ɗora ido 74 a ƙaramar kibiya; 72 na hula ne, biyun gefe na ɗinki. Ki yi ɗaya-ɗaya santimita 3. Ki koma babbar kibiya ki yi mai santsi har dukan tsawon ya kai santimita 8 daga baki, ki tsaya bayan layin baya.

Yanzu sai rage sama. A layin gaba ki saƙa idon gefe, sannan ki saƙa 7 ki haɗa biyu, ki maimaita haka sau takwas, ki saƙa idon ƙarshe. Saura 66. Ki dawo da layin baya ba ragi. Layi na gaba ki saƙa 6 ki haɗa biyu, saura 58. Haka za ki ci gaba da 5, da 4, da 3, da 2, da 1, kowanne da layin baya a tsakani, idanun na sauka zuwa 50, 42, 34, 26, 18. A layin ƙarshe ki haɗa bibbiyu tsakanin idanun gefe, saura 10. Ki riƙa ƙirgawa bayan kowane layin ragi. Gano kuskure a layinsa ya fi sauƙin gyara. Ki yanke zare ki bar kamu biyu, ki zura a allura, ki bi ta cikin goman nan sau biyu, ki ja su tsuke. Da ragowar zaren za ki ɗinke bayan hular.

Ban da igiyar ɗaurewa a haɓa, ban da ƙananan duwatsun ado. In ana son tuntu a sama, a ɗinke shi da ƙarfi yadda ko an ja ba zai fita ba.

Riga

Mai buɗaɗɗen gaba za mu yi, don ba sai an cusa kan jariri ta wuya ba. Kewayenta zai kai kusan santimita 48, ta hau kan rigar auduga ta ciki, ta kai shi wajen wata uku. Ɓangare biyar ne, kusan duk miƙaƙƙu.

Baya: ido 54 a ƙaramar kibiya, ɗaya-ɗaya santimita 3, sai babbar kibiya da saƙa mai santsi. Idan tsawon ya kai santimita 14, ki ƙulla ɗan zare mai wani launi a kowane gefe, nan hammata take. Ki ci gaba har 24, ki rufe duka sako-sako. Ido 17 na kowane gefe kafaɗa ne, 20 na tsakiya wuya.

Gaba guda biyu ne, kowanne ido 30. Ido biyar na bakin da zai buɗe ki riƙa yi musu saƙar gaba a kowane layi, tun daga ƙasa, su ne mazaunin maɓalli kuma su ke hana bakin naɗewa. Sauran 25 ki bi da su yadda kika yi bayan rigar, har da alamar hammata. A santimita 20 ki rufe ido 8 daga gefen maɓalli, sannan ki riƙa rage ɗaya a wannan gefen kowane layi na biyu har sau biyar. Saura 17, daidai da kafaɗar baya. A 24 ki rufe. Ki tuna ɓangare na biyu kishiyar na farko ne: in bakin maɓallin wannan a farkon layin gaba yake, na wancan a ƙarshensa zai kasance. Ki shimfiɗa na farkon a gabanki yayin da kike yin na biyu.

Ki fara da ɓangaren da za a ɗinka wa maɓalli, na biyun shi ke da ƙofofi. A santimita 2, 7, 12 da 17, cikin ido biyar ɗin nan, ki saƙa biyu, ki naɗa zare a kibiya ba tare da kin soka ko'ina ba, ki haɗa biyu, ki saƙa ɗaya. Naɗin nan shi zai zama rami, adadin idanu kuma bai canza ba. Ƙofa ta biyar a wuya za ta fito.

Hannu: ido 30, ɗaya-ɗaya santimita 3, sai mai santsi, kina ƙara ido ɗaya a kowane gefe duk layi na huɗu har sau bakwai, su zama 44. A santimita 14 ki rufe. Idan kibiyarki na da tsawo, ki ɗora hannuwan biyu tare, kowanne da dunƙulensa, sai su fito daidai wa daida.

In zare ya ƙare, ki haɗa sabo a farkon layi, ba a tsakiya ba, ki bar jela a ɓoye ta cikin ɗinki. In ido ya suɓuce ya gangara ƙasa, kada ki warware aikin. Ki kama shi da kwarashi ta fuskar santsi, ki riƙa jawo zaren da ke kwance a samansa ta cikinsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya hau kibiya.

Haɗawa

A nan ake gane riga ta hannun ƙwararriya. Ki fara ɗinke kafaɗu. Da ƙaramar kibiya, fuskar rigar na kallonki, ki tsinto ido kusan 55 a kewayen wuya, daga bakin gaba zuwa ɗaya bakin: ki soka a gefen saƙar, ki naɗa zare, ki jawo. Ki yi ɗaya-ɗaya santimita 2, ƙofar maɓalli ta biyar a layi na biyu, ki rufe da babbar kibiya don kada wuyan ya yi tauri.

Ki shimfiɗa rigar, ki ninka hannu biyu don gano tsakiyarsa, ki daidaita tsakiyar da ɗinkin kafaɗa, gefunansa kuma su sauka kan alamun hammata. Bayan kin ɗinke, sai ki rufe gefen riga da ƙasan hannu a tafiya ɗaya. Ɗinkin da ya fi kyau ta fuska ake yin sa: ki jera gefuna biyu, ki buɗa tsakanin ido na farko da na biyu za ki ga ƙananan zare a kwance, ki ɗauki ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, kina ja a hankali bayan kowane 'yan ɗinki. Gefunan za su haɗe har ɗinkin ya ɓace.

Kowace jelar zare ki saƙa ta cikin bayan aikin da allura, santimita huɗu ko biyar, ki juyo kaɗan, sannan ki yanke. Ki juya hannuwan riga ki duba da kyau, domin sakakken zare ko gashi yana iya naɗe ɗan yatsan jariri ya hana jini gudu, yaro ya yi ta kuka ba a san dalili ba. Maɓalli kuma da zaren ɗinki riɓi biyu, ki ja kowanne da ƙarfi ki gani, kuma ki sake dubawa bayan kowane wanki.

Wanki, wuta da ajiya

Ki wanke kafin a sa wa yaro, ko da sabon zare ne. Ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu marar ƙarfi, matsawa a hankali. Ruwan zafi da cuɗawa su ke sa ulu ya cure ya ƙanƙance, kuma ba ya dawowa. Kada ki rataye a igiya, nauyin ruwa zai ja rigar ta yi tsawo. Ki shimfiɗa ta kan tawul a inuwa ki gyara mata siffa da hannu. Dutsen guga kada ya taɓa akirilik.

Ga maganar narkewar nan. A lokacin sanyi gidaje da yawa suna shigar da kaskon gawayi ɗaki, musamman ɗakin mai jego. Akirilik idan ya kama wuta yana narkewa ya manne a fata, ƙunarsa mummuna ce. Kada a shanya kayan a kan kasko, kada a zauna da yaro dab da shi. Gawayin kansa a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma kashe mutane cikin barci. A fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar iska ta shiga. Haka kuma kada tsoron sanyi ya sa a lulluɓe yaro fiye da kima. Ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa. In kin ji gumi, ki rage masa kaya.

Wajen ajiya ina roƙonki ki nisanta kafur, farin ƙwallon nan da ake jefawa cikin akwati, daga kayan jariri. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma ba a gane shi da ido. Ga irin waɗannan yaran, sinadarin naftalin da ke cikin kafur yana farfasa ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani, wadda ke iya taɓa ƙwaƙwalwa. Idan jariri ya fara yin rawaya a ido ko fata, asibiti za a nufa a ranar. Don kare ulu daga asu, a wanke shi tsaf kafin ajiya, ya bushe sarai, a rufe shi cikin roba mai murfi, domin datti da gumi ne ke jawo asun. Masu bishiyar darbejiya a gida sukan busar da ganyenta su ƙulle a ƙyalle su sa a gefen akwatin, a kuma riƙa fito da kayan suna shan iska lokaci-lokaci.

Idan yaro ya girma

Kan jariri na girma da sauri: wajen santimita 40 a wata uku, 43 a wata shida, 46 a shekara. Wanda aka haifa a Nuwamba zai buƙaci hula ta biyu kafin hunturu ya wuce. Da hannun da ke ba da ido 22, ki ɗora 82 don ɗan wata uku, 90 don ɗan wata shida, 98 don ɗan shekara. Ragin sama yana nan kashi takwas, sai dai za ki fara da saƙa 8, ko 9, ko 10 kafin haɗa biyu, ki kuma ƙara kamar santimita ɗaya a miƙaƙƙen ɓangaren kowane mataki. Ga riga kuwa, ki shimfiɗa wata rigar da ke yi wa yaron daidai yanzu, ki auna faɗinta da tsawonta da zurfin hammatarta, ki ƙara santimita biyu a faɗi, ki ninka da adadin idanun da gwajinki ya ba ki a santimita ɗaya. Idan zaren ya canza, ki sake yin ƙyallen gwaji kafin ki ɗora ido ko ɗaya.